Tabo a Koren Ƙyalle

A Jekadafari, bayan rumfar mai faci,
akwai teburin sunuka, ƙafarsa ɗaya a kan bulo.
Can na fara karatun fizis ban sani ba,
ina ɗan shekara tara,
ina tsince wa Yaya Bappayo ƙwallaye daga raga.

Shi ya ce min: riƙe sandar nan, buga,
mu ga inda farar za ta kwana.
Na buga. Ta daki ja, ja ta daki baƙa,
farar ta kwanta a lungun hagu.
Ya mayar da kowace mazauninta.
Na sake, hannu ɗaya, numfashi ɗaya,
sai ta kwana wata unguwa.
Ya yi dariya har alli ya faɗo daga bayan kunnensa.

Shekara goma sha huɗu suka wuce.
A aji, fanka na juyawa da kyar,
Dakta Rifkatu ta zana teburi a allo,
ta lanƙwasa kawunansa biyu,
ya koma kamar filin ƙwallon Pantami.
Ta ce: saki ƙwallo a nan,
ka kauce da kaurin gashin gira,
bugu goma, kun raba gari.
Wannan shi ake kira hargitsi.
Doka na nan daram,
ita dai ba ta yafe kuskure.

Na ce a raina, ai na san wannan.
Ban gama murna ba ta goge ƙwallon.

Ta ce: yanzu ku ƙanƙance teburin,
ku yi ta ƙanƙancewa
har ƙwayar gero ta zame masa dutsen Bima,
sannan ku saka ilektoron.
Shi ba ya bin turba.
Ka kama inda yake, saurinsa ya kuɓuce,
ka kama saurin, wurin ya sulale.
Yana bazuwa ne kamar rawar ruwa a kwano
idan yaro ya ƙwanƙwashi gefensa.

Na ɗaga hannu.
To Malama, abin da ba shi da turba,
ta ina zai ɓata hanya?
Ina hargitsin ya shiga?
Ta kaɗe allin da ke yatsunta.
Ta ce: manya sun yi furfura a kan tambayar nan,
je ka zana, ka dawo.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Batirin kwamfuta saura sha ɗaya,
sauro na karanta min nasa darasin.
Hoto na farko, tsaki watse a faranti.
Na biyu haka. Na ashirin haka.
Na talatin da bakwai
sai ga zare mai haske ya ratsa tsakiya,
ya daki gefe, ya dawo ta kansa,
turbar da ko ƙwallo ba ta iya daɗewa a kai,
ga ruwan ya taru a bisanta.

Da safe ta duba, ta gyara tabarau.
Ta ce: sunansa tabo.

Ban koma ɗaki ba, na hau Keke zuwa Jekadafari.
Shekara shida ke nan da hanyar Dukku
ta karɓi Yaya Bappayo da babur ɗinsa.
Teburin na nan ƙarƙashin tamfol, kaji na kwana a ƙasansa.
Na yaye.
Koren ya koɗe ko'ina,
amma daga lungun dama zuwa ramin tsakiya
akwai layi guda da ya fi sauran fari,
bugun da ya fi so, wanda yake cin kuɗin shayi da shi.

Na ɗora yatsa, na bi shi har ƙarshe.
Mai faci ya leƙo, ya ce: saye za ka yi?
Na ce: a'a, Baba, dubawa nake.

Litinin jarrabawa.
Har yanzu tambaya ta uku ta ƙi fita.